Kwamitin da Ba Ya Shan Ruwa

A wani daji da birni ya cinye gabas da yammansa, har abin da ya rage bai wuce 'yan itatuwa da ciyawar bakin ruwa ba, akwai wani kogi da ya girmi duk mazauna wurin. Tsofaffi sun ce a da daga sama ana hango yashin ƙasansa. Yanzu kuwa sai ya ratsa ta bayan marina da majema da wuraren wankin mota kafin ya iso, kuma da abin al'ajabi yake isowa. Da safe shuɗi ne kamar sabon rini. Rana na takewa ya koma ja. Da la'asar wani maiƙo mai launin bakan gizo ke shimfiɗuwa a kansa, farin kumfa na biye, tsayinsa ya kai ƙirjin zalɓe. Tsakani da Allah, ban taɓa jin labarin ruwa mai kyan gani irin wannan ba.

Sai dai kwaɗi sun daina kuka, kuma shirun nan ne ya hana wata dinya mai suna Tasalla sakat. Tana kwance kan ƙwai a cikin ciyawa, ƙyanƙyasa ta gabato, ɗan dinya kuwa yana fitowa ruwa yake nema. Abu ɗaya take son sani: ta saki 'ya'yanta a kogin nan, ko ta kwashe su da ƙafa ta tsallaka titin birni zuwa wani kududdufi, a kan hanyar da motoci ba sa tsaya wa kowa? Ta kai kukanta majalisar dabbobi.

Majalisa ta tausaya mata ƙwarai, ta kafa kwamitin duba lafiyar kogi da ta mazauna cikinsa. To, dabbobin nan suna da wata tsohuwar doka da suke ji da ita: duk wanda yake da amfani a cikin magana, ba ya yanke hukunci a kanta, ba ya ba da shaida. Doka ce mai kyau, ta sha raba rigimar rami da sheƙa. Da aka ɗora ta kan kogi, sai duk mai shan ruwansa ya zama mai amfani a ciki. Aka tankaɗe aka rairaye, waɗanda suka rage ba su da yawa. Shugabanci ya faɗa kan ungulu, Wakili Nomau, wanda ya rantse a kwatar birni yake ci yake sha. Aikin dubawa kuma aka damƙa wa hawainiya, Malam Barau, wanda raɓa kawai yake lasa, ga shi kuma babu wanda ya kai shi sanin launi.

Kwamiti ya hau reshen ɓauren da ya sunkuyo kan ruwa. Ana cikin zama wata tsohuwar tarwaɗa, Gwamma, ta leƙo da gyambo a gadon bayanta, ta ce tana da abin faɗa game da ƙananan kifayen da ta daina gani. Wakili ya gaishe ta da girmamawa, ya ce, "Gwaggo, ke a ciki kike kwana, a ciki kike tashi. In muka saurare ki, gobe a ce mun yi son kai." Aka yi mata godiya, ta nutse.

Malam Barau kuwa ya yi aikinsa da gaskiya, wannan ba na cire masa. Ya wuni a kan reshe yana gwada fatarsa da ruwan. Ya yi shuɗi, kogin ya fi shi. Ya yi ja, kogin ya wuce shi. Da maiƙon la'asar ya iso, launuka suna narkewa cikin juna suna sake haihuwar wasu, sai idanunsa da ba su taɓa kallon wuri guda tare ba suka tsaya cak a kan ruwan.

Da safen da za a faɗi hukunci ƙwan Tasalla suka fashe. Ta taho gindin ɓaure da 'ya'yanta a ƙarƙashin fiffike, suna ta tsuwa saboda ƙishi. Malam Barau ya miƙe, ya fara jawabi.

"Ranka ya daɗe, jama'a, ni gadon launi na yi, uwa da uba. Na ɗauka na ga iyakarsa, sai jiya na san ban ga komai ba. Mun san mara lafiya da ƙoɗewa. Wannan kogi kuwa kullum ƙara haske yake yi. Game da mazauna cikinsa, mun kasa kunne, ba mu ji ƙorafi daga wanda doka ta yarda ya yi magana ba. Kwaɗi ma da aka sani da surutu sun yi tsit. Kogi lafiya lau yake."

Aka yi ta jinjina kai, don maganar ta shiga jiki. Tasalla ta matso, ta ce, "Allah ya ja zamaninka, na ji, na kuma gode. Abu ɗaya nake roƙo. Wani a cikinku ya ɗan kurɓa in gani, sai in sake su."

Wakili ya yi mata bayani cikin haƙuri, cewa duk ɗan kwamitin da ya kurɓa ya zama mai shan kogi, hukuncin ya rushe ke nan, sai an sake zama daga farko. Ya tambaye ta ko tana son a yi asarar wannan wahala duka.

Tana cikin neman amsa, ƙaramin cikin 'ya'yanta ya sulale daga ƙarƙashin fiffike. Bai taɓa ganin komai a duniya ba sai duhun ƙwai, ga shi yau gaban wani shuɗi mai motsi, rana na wasa a kansa. Ya tsaya a baki yana kallo, duk taron ma suka zuba masa ido, don abin ya yi kyau har ya ba da tsoro. Ya tsoma baki ya sha, ya ɗaga kai sama yadda dinya ke yi, ya ƙara.

Kafin ruwan ya koma ja, ya daina motsi.

Tasalla ba ta yi kururuwa ba. Ta turo shi da baki har gindin ɓaure, ta ce ga shaida. Kwamiti ya yi shawara a tsakaninsa, ya yi mata ta'aziyya, sannan ya sanar da cewa marigayin ya sha kogi a gaban kowa, saboda haka doka ba ta karɓar shaidarsa.

Ta tattara sauran, ta sa su a gaba, ta nufi inda ƙarar motoci ke tashi. Babu wanda ya iya ce mata ta tsaya.

Wakili Nomau ya sallami taro, ya ce kowa ya kama gabansa, shi zai zauna ya tsare shaidar da kansa.