Tsuntsun Albarka a Jirgin Habu

Ba zan taɓa mantawa da jajiberin bikin jikata Zainabu ba, ko da haƙoran da suka rage mini sun bi 'yan'uwansu. Ni 'yar masunta ce, a bakin kogin Haɗeja aka yanke mini cibiya. Ban yi boko ba, amma babu tsuntsun da zai yi kuka daga nan har Baturiya ban faɗi sunansa ba. Ku riƙe wannan, don a nan gizo ya yi saƙar.

Ɗana Habu (ba na fari ba ne, ina iya kiran sunansa) yana bin ƙauyukan bakin ruwa da jirgi mai inji yana sarin kifi. A cikin jirgin akwai firji. In ya dawo ya ɗaure jirgin a bayan gida, sai ya jawo doguwar waya daga ɗaki ya ba firjin wuta. Ran nan ya cika shi da tarwaɗa da karfasa ɗanyu shar, kifin walima ke nan gaba ɗaya. Zai tafi kasuwa ya tsaya a kaina.

"Iya, na sa wani abu a jirgi. In wuta ta yanke zai yi ƙara. Da kun ji, a kira ni."

Na ce, "To, to, Allah ya kiyaye hanya." Ina tsintar shinkafa. A raina ƙara ita ce irin jiniyar motar asibiti.

Da hantsi aka ce dangin ango sun taso daga Malam Madori. Na duba tsakar gida, ga waya ta ratsa shi kamar maciji. Na ce yanzu baƙuwa ta yi tuntuɓe a ce gidan nan babu babba. Ban da haka, wane mai hankali ne ke haɗa wuta da ruwa? Na zare ta daga bango, na naɗe bakinta tsaf, na tura ƙarƙashin tabarmar da ke gindin ɗorawar bayan gida. Har na yaba wa kaina.

Baƙi suka iso, kakar ango Hajja Falmata a gaba, turarenta ya riga ta shigowa. Zafi ya kore mu gindin ɗorawar nan. Mun zauna ke nan sai na ji abu daga wajen jirgi. Tsit, tsit, tsit. Ya yi shiru kaɗan, ya sake.

Hajja Falmata ta ce, "Ke da aka ce kin san yaren tsuntsaye, wannan fa?"

Jama'a, ban san shi ba. Amma a gaban surukai? Na gyara mayafi, na lumshe ido, na ce, "Wannan ba kowa ke jin sa ba. Daga nesa yake zuwa, ba ya sauka sai a gidan da aure zai yi albarka. Ni ma sau ɗaya na ji shi, ranar da aka kai ni ɗakin Malam." (Allah ya jiƙan Malam, ya yafe mini shaidar zur da na sa shi.)

Wata matashiya cikinsu ta ce, "Iya, kamar fa kukan na'ura."

Na ce, "'Yar nan, ku kun saba da waya, komai na'ura ne a kunnenku. Ki ji yadda yake ajiye numfashi."

Ta miƙe za ta leƙa jirgin, na hana. Na ce in aka ga tsuntsun albarkar ta tashi. Na ma ƙara da cewa jan baki gare shi. Hajja Falmata ta sa aka rangaɗa masa guɗa, aka watsa gero a bakin ruwa. Muka yi azahar yana kuka, muka ci tuwo yana kuka. Na ce, "Kun gani? Ko ruwa bai sha ba. Wannan aure sai dai mutuwa."

La'asar sakaliya Habu ya dawo. Ko sallama bai ƙarasa ba ya yar da buhun albasa ya ruga jirgi. Da ya buɗe firjin, iska ta kawo mana labari. Ya ɗago wani ɗan akwati kamar na ashana, jar fitila na ƙiftawa a jikinsa. (Jan bakin dai ban yi ƙarya ba.)

"Tun yaushe yake kuka?"

Hajja Falmata ta ce, "Tun hantsi, ɗana. Har guɗa muka yi masa."

Habu ya ajiye akwatin. Ya kama wayar daga jirgi, yana bi hannu bayan hannu, ya ratsa mata suna janye ƙafafu, har ya zo ya durƙusa a gabana.

"Iya, ɗan ɗaga."

Na ɗaga. Ga bakin waya a naɗe, har ya yi ɗumi.

Kifin ya fara saki, amma bai kai ga zubarwa ba. A nan dai na san abin yi, ba da ƙarya ba. Na ce a haƙa rami, a kawo itace da gishiri. Dangin ango suka tuɓe gwala-gwalai muka hau fiɗa da banda. Hajja Falmata na cire hanji tana cewa, "Ƙawata, wannan albarka da ƙarni take." Washegari 'yan walima suka ci miyar bandar kifi, har ana tambayar wa ya kawo dabarar. Babu wadda ta tona, sai dai duk wadda muka haɗa ido ta ce "tsit".

Auren yana nan lafiya, 'ya'yansu biyu, don haka har gobe ban janye maganata duka ba. Amma yanzu in yaro ya ce, "Iya, na sa wani abu," ajiye farantin shinkafa nake yi in ce ya sa shi ya yi kukan in ji. Kuma in aka tambaye ni sunan tsuntsu, sai na fara duba abin da nake zaune a kai.