Zalɓe Ya Rasu a Bakin Shanu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da idanun da suka yi jawur, Eusèbe Gaillardot, mai haɗa gangunan giya a ƙauyenmu na gefen birnin Reims, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki, har da waɗanda suka daɗe suna yi masa dariya, rasuwar jirgin samansa na tsere, Zalɓe. Marigayin ya cika ranar Talata a makiyayar Baba Nicaise, dab da babban tseren bana, 1912, wanda dominsa aka kawo shi duniya.

An haifi Zalɓe a rumfar ganguna, kuma duk wanda ya kalle shi ya san gidan da ya fito. Eusèbe ya fere katako siriri, ya jera shi hawa-hawa yana mannewa da danƙo, har jikin ya fito sumul, ƙirji da kauri, wutsiya da tsini. Fukafukansa na lilin ne da aka ɗame, aka shafe da man ƙyalli, aka ɗaure da wayoyi. Ƙafafunsa kuwa na keke ne, dogaye sirara, su suka jawo masa sunan.

Marigayin mai zafin nama ne. Bai san birki ba, bai san tafiya a hankali ba, ko dai a guje ko a tsaye. Injinsa tare da farfela yake juyawa, yana fesa wa mai shi man zurma a fuska, shi kuma yana haɗiya. Shi ya sa tun da suka haɗu cikin Eusèbe bai taɓa ɗaurewa ba, kuma duk saukar da ya yi sai ya ruga bayan shinge kafin ya amsa gaisuwar jama'a. Za mu daɗe muna tuna muryarsa ta safe, "tuf, tuf… tuf", kamar tsoho yana gyaran murya, sannan "barrrrr" ɗin da ya hana kajin ƙauyen nan yin ƙwai.

Uwargidan Eusèbe, Philomène, ba ta taɓa ganin Zalɓe a sama ba. Da ta ji ƙararsa sai ta shige coci ta durƙusa, ba ta fitowa sai an zo an ce mata mijinta ya sauko da ƙafafunsa. Ita ce ta sa Eusèbe ya rantse a gaban Fada, limamin cocin, cewa Zalɓe ne na farko kuma na ƙarshe: ranar da ya mutu, tashi sama ya ƙare.

Jinyar ba ta yi tsawo ba. Eusèbe yana sama yana gwaji sai ya hango hayaƙin murhu daga kowane gida, ya gane sha biyu ta buga. Ba a haifi ɗan ƙasar nan da zai bar abincin rana ya wuce shi ba, ko yana cikin gajimare. Ya sauka a makiyaya mafi kusa. Baba Nicaise ya ja shi teburi, ga farfesun zomo, ga cuku, ga kwalba. Eusèbe ya ce bari ya lulluɓe jirgin tukuna, tsohon ya ce kada ya ci masa fuska, shanunsa masu tarbiyya ne. Aka zauna. Abincin rana a wurinmu kuwa ba a yi masa gaggawa.

Ashe babu abin da saniya take so kamar lilin da ya sha mai. Ko da suka fito, fukafukai sun zama ƙasusuwa, wutsiya ta tafi, wata jibgegiya mai suna Blanchette tana sosa ƙugunta a jikin marigayin. Kalmarsa ta ƙarshe ita ce "ƙas". Eusèbe ya zauna a ciyawa ya yi kuka, kuma mu da muka san yadda ya ci burin tseren nan ba mu ga laifinsa ba.

Ya rasu ya bar farfela, da taya guda, da tabarau, da rabin bokitin man zurma. Shanun suna nan lafiya ƙalau, gashinsu har sheƙi yake. Philomène ta sa baƙaƙen kaya kamar yadda ya kamata, sai dai an jiyo ta tana waƙa a kicin, kuma ta aika wa Baba Nicaise kek. Ta'aziyyar da ta yi wa mijinta gajeruwa ce: "Ka yi haƙuri, maigida. Gara in binne katako."

Za a yi jana'iza ranar Lahadi bayan an taso daga coci, a gindin itacen tuffa da ke bayan rumfa. Ranar ce ranar tseren, kuma jiragen ta saman ƙauyenmu za su bi. Ana roƙon masu zuwa, don girman Allah, idan suka ji ƙara kowa ya kalli ƙasa. Eusèbe ya ce shi ma zai gwada.