Kwamitin Neman Wadda Ba a Sani Ba

Yau da safe na je sayen sabulu, mai shago ya miƙo mini yana cewa, "Sannu da ƙoƙari, Wadda-Ba-a-Sani-Ba." Saura kaɗan in zauna a kan buhun gishirinsa.

Ku yi haƙuri, masu karatu, ban taɓa rubutu a jarida ba. Bari in koma farko.

Shekara uku ke nan rufin ɗakin karatun unguwarmu yana yoyo. Mai Girma Uban Alkawura, Allah ya ƙara masa lafiya, ya zo sau biyu ya ɗaga kai ya kalli rufin, sau biyu aka tafa masa. Ni kuwa ni nake shanya littattafai a taga. Na so in yi ƙorafi, sai dai Babanmu ne direban ofishinsa. In aka gane ni ce, makullin mota za a karɓe, mu zauna muna kallon tukunya.

Yayana mai gyaran waya ya sa mini wata manhaja ta ɓoye kai. Wai saƙona zai ratsa kwamfutoci uku na baƙin mutane kafin ya isa, ba mai sanin daga inda ya taso.

"Yaya, doka ta yarda kuwa?"

"Ba ta hana ba, ba ta yarda ba. Masu yin dokar ba su gama gane mene ne ba tukuna."

Na rubuta ƙorafin, na haɗa da hoton wani ƙamus da ya kumbura kamar burodi, na rufe ido na tura shafin unguwa. Shekaranjiya ke nan.

To, ni dai na tambayi mai shago, murya ƙasa-ƙasa, yadda aka yi ya sani.

"'Yar nan, wa ke shiga ɗakin karatun nan ban da ke da akuyar mai gadi? Akuya kuma ba ta da waya."

Da na kai wa Yaya ƙara, ko ɗagowa bai yi daga wayar da yake kwancewa ba. "Manhaja cikin taro take ɓoye mutum. Ke taron naki mutum ɗaya ne."

Da la'asar Baba ya dawo, na kai masa ruwa. Ya ce Mai Girma ya fusata, ya kafa kwamitin mutum goma sha biyu a nemo marubucin, shi ne ma yake yawo da su a mota.

"Baba, ni ce fa."

"Na sani. Su ma sun sani. Shugabansu ya ce in gaishe ki."

"To, aikinka..."

"Kwantar da hankalinki. Kullum suka zauna akwai alawus da lemo. Ranar da suka gano ki, ranar zaman ya ƙare."

Don haka ina yi wa kwamiti fatan tsawon rai da yawan zama. In sun shanye lemon, don Allah a taimaka mana da robobin, mu tari ruwa.