Rasuwar Amarya a Cikin Turmin Gero

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannun dama a ɗaure cikin karan ɗori, ni Zahra'u Ladan ta unguwar Mabera, wadda aka ce ta miƙo ta ce ba ta miƙowa, nake sanar da 'yan'uwa da abokan karatu da duk wanda ya taɓa roƙon aro aka hana shi, rasuwar tabilet ɗita, wadda aka fi sani a gidanmu da suna Amarya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ta rasu ranar Asabar da hantsi, a tsakar gidanmu, cikin turmi, ƙarƙashin taɓare biyu. Saura kwana ɗaya rak a kai ta hannun sabon mai ita.

Marigayiyar ta shekara biyu da wata bakwai a hannuna. Na saye ta da ribar dambun naman da nake sayarwa a ɗakunan kwanan ɗalibai mata, kuma tun ranar da na fito da ita daga shago na san ba zama ta zo yi ba. Ina karatun ƙididdiga a jami'a, aikin shekarar ƙarshe kuwa ba ya yiwuwa sai da laftof. Siddiƙu, mai shagon wayoyi a Gidan Igwai, shi ya sayar min da ita, shi ya kuma yi min alkawari a gaban yaran shagonsa: "Malama, in kinka maido min ita yadda kinka ɗauke ta, da kwali da rasit, babu ƙwarzane ko guda, ina amsar ta in ba ki laftof, ki yi ɗan ciko. Amma ƙwarzane guda, magana ta sake." Wannan maganar na riƙe wata talatin da ɗaya.

Ta rayu cikin tsari da kamun kai. Ledar da kamfani ya manna mata a baya ba a taɓa ɓare ta ba, shi ya sa mutanen gida suka sa mata Amarya, wai har yau ba a buɗe mata kai ba. Tana da gilashin kariya a fuska, da riga ta roba, da jakar atamfa mai soso a ciki wadda na ɗinka mata da hannuna. Ba ta taɓa shan wutar janareto ba. Ba ta taɓa cin caji da cajar wani ba. In zafin Sakkwato ya taso, irin wanda kwalta ke narkewa, a gindin randa take wuni ni ina gumi. Ba ta da yawan surutu: in saƙo ya shigo ta ce tilin, in yunwa ta kama ta ta ce ƙut-ƙut sau biyu ta yi shiru.

Duk wannan kuwa a gidan mahauta. Babanmu mahauci ne, babban wana Yaya Maccido shi ma mahauci ne, yana kuma kai shanu Kudu. A gidanmu marikin ƙofa ma maiƙo gare shi. Sai na wanke hannu da sabulu sau biyu nake taɓa ta, kuma ban yarda kowa ya taɓa ta ba ko ya wanke sau goma. Inna da ta haife ni, in tana son ganin hotunan Makka, ni nake riƙe mata tana kallo daga nesa kamar mai leƙen rijiya. Nabila, ƙawata tun aji ɗaya, wadda muke cin abinci kwano guda, ta roƙi aro sau huɗu, sau huɗu na ce ta yi haƙuri.

Na sha suna. An ce min marowaciya. An ce boko ya cinye min zumunci. An ce na fi son gilashi da dangi. Yaran gidan sukan tsaya a bakin ƙofata suna waƙa cewa amaryar Anti Zahra'u ba ta fita, ba ta girki, ba ta gaida surukai. Wanda ya san inda za shi ba ya tsayawa jifan kowane kare. Ranar Juma'a na kwashe duk karatuna daga cikinta na zuba a filashin ajiyar bayanai, na goge ta tas, na shirya kwalinta. Ta bar duniya babu komai a cikinta, ko hoto ɗaya.

Ba ta yi jinya ba. Ga yadda ajalinta ya zo.

Ranar Asabar aka yi sunan ɗan Yaya Maccido na fari. Gida ya cika tun da safe. Bayan an raɗa suna Yaya ya kayar da ragon farko da hannunsa, sannan ya tuna kyamarar wayarsa ta fashe, ga shi yana son a ɗauki yankan na biyu, wanda ya fi girma, ya aika wa abokan cinikinsa na Legas su gani. Ya same ni a bakin ɗakin girki da jakar Amarya a rataye a wuyana. Jini har gwiwar hannunsa, wuƙa a soke a ƙugu.

Ya ce, "Ke, miƙo min abin ga naki."

Na ce, "Yaya, ka yi haƙuri, ba ni badawa. Gobe za a amshe ta."

"Mi kinka ce?"

"Na ce ba ni badawa. Dubi hannunka."

Ya dubi hannun, ya dubi matan da ke kallonmu. Ya ce, "A gidan ubana, ran sunan ɗana, ƙanwar bayana ka ce min in dubi hannuna? Bari in aje wuƙag ga in dawo. Wallahi yau sai an buɗe ma amaryag ga kai."

Ya juya zaure. Na san ɗakina zai fara nufa. Na waiga, sai idona ya faɗa kan babban turminmu a inuwar dalbejiya, cike da gero. A gidanmu an fi shekara uku ba a ɗaga taɓarya ba, komai inji ake kaiwa. Na ɗauka rashin mazubi ya sa aka zuba geron a ciki, tunda ranar suna kowane kwano da aikinsa. Mata sun ɗunguma sun bi bayansa zaure kallon rago. Na cire jakar, na tura ta can ƙasan geron, na baje saman da tafin hannu. Na ce minti biyar, ya gama borinsa in ɗauke abata.

Abin da na manta shi ne Gwaggo Balkisu, ƙanwar Baba, ta iso daga ƙauye tun ranar Juma'a, kuma ta rantse ba za a shayar da baƙin sunan jikanta furar inji ba. Ita ta auna geron. Ita ta zuba shi.

Yaya Maccido ya ja ni har ɗaki. Ya bankaɗe katifa ya jefar da ita waje. Ya taka akwatina da ƙafa har makulli ya ɓalle, ya zazzage kayana a ƙasa. Ya watsar da littattafaina, ya samu kwalin ya girgiza ya ji wayam, ya wurga shi bango. Sannan ya damƙi wuyan hannuna ya murɗe.

"Ina kinka sa ta?"

Na kawar da kai. Ya ɗauke ni da mari. Sawun yatsunsa biyar na jinin rago yana nan a farin hijabina, ban wanke ba, duk mai so ya zo ya gani.

A daidai nan na ji dum.

Duk 'yar Hausa ta san wannan sautin ko daga barci ta tashi. Na ji Gwaggo tana cewa, "Tani, kamo waccan taɓaryar, mu nuna ma 'yan birni yadda aka surfe." Tani maƙwabciyarmu ce, mace mai damtse, wadda ke ɗaukar buhun gawayi ita kaɗai.

A nan wajibi ne in faɗi gaskiya, domin ba a yi wa mamaci ƙarya. Na ji bugun farko, ban yi ihu ba. Na san in na ce turmi, shi zai riga ni isa, ya zaro ta da hannun nan nasa, ya ɗaga ta sama mata su yi guɗa. Na ce a raina gero yana da yawa, jaka tana da soso. Dum na biyu. Ya ƙara murɗe hannuna, na cije leɓe. Dum na uku. Sai suka haɗa lugude, ɗaya na sauka ɗaya na tashi, suna cilla taɓarya sama suna tafi, mata na yi musu kirari. Cikin wannan rugugin na ji muryarta, daga ƙarƙashin gero, ta ce tilin. Sai kuma ƙaras.

Na sa haƙori a hannun Yaya har na ji gishiri, ya sake ni. Na fita a guje ba takalmi, na ture wata baƙuwa da farantin waina, na cusa hannuna cikin turmin. Gwaggo ta gan ni ta riƙe tata. Ta Tani kuwa tana sama, kuma taɓaryar da ta bar hannu ba ta jin kira. Ta sauko a kan yatsuna biyu. Ƙarar da suka yi ba ta da bambanci da ta marigayiyar.

Da hannun hagu na zaro ta. Ta lanƙwashe a tsakiya kamar faifan da aka zauna a kai. Gilashin kariya da fuskar da yake karewa sun zama gari ɗaya. Batirin ya huje yana huci yana wari, aka watsa masa ƙasa. Ledar kamfani dai tana nan manne a bayanta. Ta rasu da lulluɓinta.

Gwaggo ta zauna daɓas a ƙasa ta ɗora hannu a ka tana cewa, "Wace irin ɗiya ta ka binne dukiya cikin hatsi? Ni na kashe, ko ita?" Geron duka aka haƙa rami aka zuba, saboda garin gilashi, ko kaji ba a bari sun tsattsaga ba. Baƙi sun watse ba su sha fura ba, kuma na san a Mabera za a daɗe ana kiran yaron nan da wanda aka yi sunansa da ruwan leda.

Yaya Maccido da kansa ya tare a-daidaita ya kai ni wurin mai ɗori. Shi ya danne kafaɗata lokacin da ake jan yatsun, ni kuwa ban ba shi jin daɗin ganin hawayena ba. Bai ce in yafe ba, ban ce ya yafe ba. A hanyar dawowa ya yi magana sau ɗaya, yana kallon titi: "Da kin ba ni, minti goma na." Ragon na biyu an yanka shi babu mai ɗauka.

Ranar Lahadi, ranar da aka sa za a karɓe ta, na kai gawar Gidan Igwai a kan lokaci, domin ni ba na saɓa alkawari. Siddiƙu ya ɗaga ta, gero ya zubo masa a kan tebur. Ya daɗe yana juya ta. Ya ce, "Malama, na ce ƙwarzane guda. Wagga kam ban san sunan da za ni ba ta ba." Laftof ɗin da ya ajiye min tana bayansa a kan kanta. Kafin in fita wani ya fara taya ta.

Marigayiyar ta bar caja ta asali guda ɗaya, lafiyayya, wadda ba ta san kowa ba sai ita. Ta bar iyafis na sawa a kunne da ba a taɓa kwance ɗaurinsa ba, da rasit a cikin leda, da kwali wanda ya samu rauni a kusurwa sakamakon haɗuwarsa da bango. Ta bar jakar atamfa, ita ma tana cikin mawuyacin hali. Ta kuma bar ni.

Ina miƙa godiya ga Inna, wadda ta share garin gilashin ba ta ce da ma na faɗa miki ba, ko da yake na ga maganar a bakinta. Ban riƙe Gwaggo Balkisu da Tani da komai ba, aikinsu suka yi, kuma sun iya shi.

Ba za a yi mata salla ba, tunda ba mutum ba ce. Za a sa ta a kwalinta ranar Alhamis bayan la'asar, a rufe da rasit ɗinta a kan ƙirji, a ajiye ta a saman kabad ɗina inda hannu ba ya kaiwa. Siddiƙu ya nemi a ba shi ita ya ciri abin da zai ciru, na ce a'a. Za a karɓi gaisuwa a ɗakina na kwana uku. Mai zuwa ya zo da haƙurinsa, kada ya zo da nasiha. Ba za a raba fura ba.

Masu tambaya ko na yi nadama, ga amsa, kada a sake tambayata. Abina ne, da gumina na saya, kuma ko gobe aka miƙo min hannu da jini aka ce kawo, ba zan kawo ba. Amma na san abin da na biya. Da na ba shi, da wataƙila ta dawo da ɗigon jini a leda, in sa tsumma in goge. Yanzu babu tabilet, babu laftof, yatsuna biyu za su yi sati shida a ɗaure, kuma ni da wana muna wuce juna a zaure kamar 'yan haya. Aikin shekarar ƙarshe kuwa ba ya jiran mai makoki. Ranar Litinin zan je ɗakin Nabila, wadda na hana aro sau huɗu, in tsaya a bakin ƙofarta in roƙi aron laftof ɗinta. Zan wanke hannun da ya rage min da sabulu sau biyu kafin in ƙwanƙwasa.