Rasuwar Beryl, Kwalbar Tace Ƙasa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haushin da har yau bai huce ba, Merv Trewin na bayan garin Leonora yana sanar da rasuwar Beryl, doguwar kwalbar gilashin da ta shekara ashirin da biyu tana tace masa ƙasar ramin zinariyarsa. Ta cika ranar Talata da azahar.

Marigayiyar ba ta son gaggawa. Ta gindi ake sakar mata ruwa ya riƙa hawa a hankali, laka ta bi shi ta fice ta baki, abu mai nauyi ya kwanta. A ƙara famfo kaɗan, garin zinariya ya bi laka. A rage, komai ya cakuɗe. Ruwan rijiya mai gishiri yana dunƙule mata laka, don haka ruwan saman da matarsa Noelene ta tara don shayi take sha. Ba ta taɓa cewa da Merv ya tsufa ba, iyakacinta "gul, gul, gul".

Jinyarta ba ta yi tsawo ba. Iyalin Merv sun yanke cewa in wannan karon bai nuna musu zinariya ba, zai tattara ya koma gidan 'yarsa a birnin Perth. Ya zuba wa Beryl ƙasar da ya yi shekara uku yana tankaɗewa, ya shiga ɗaki ɗauko tabarau. Surukinsa Brodie ya ce, "Baba, haka za mu wuni muna kallon ruwa?" Sai ya jona mata baƙin tiyon da ya yini a rana, ya buɗe famfo duka. Ko yaron goye a Leonora ya san ruwan wannan tiyon yana dafa ƙwai. Kalmarta ta ƙarshe ita ce "ƙas". Ta fashe, jar ƙasa ta shanye duk abin da ke cikinta.

"Ai kwalba ce kawai, Baba," in ji Brodie.

Ta bar rariya uku, da bokiti, da tsoho ɗaya da ba wanda zai ƙara yarda da maganarsa.

Za a binne ta ranar Asabar da safe a bayan rumfa, daidai inda ta zube. Ba a son furanni. Ana roƙon masu ta'aziyya su kakkaɓe takalmansu kafin su tafi, don abin da ke manne a jiki na Merv ne. Motar kwashe kaya za ta iso da sha biyu. Brodie ne zai tuƙa.