Diwanin Gidanmu da Ƙofarsa ta Ƙarfe

A da, takardun gonakin gidanmu na Gwarzo cikin gafaka suke, ƙarƙashin gadon yayarmu Hajiya Inna. Ni da na ga Alƙahira da Istanbul, abin ya dame ni. Na tara dangi na yi musu bayani: tun zamanin halifofi, inda hukuma ke adana takardunta diwani ake ce wa wurin, kuma ba kowa ke shiga ba. Na gyara wani ɗakin ƙasa, na sa masa ƙofar ƙarfe, mukulli ɗaya tak, a aljihuna.

Na kwashe takardun na kulle a ciki, da mukullin na tafi Umara.

Ina can alƙali a Kabo ya nemi takardar gonarmu ta Garo, wadda maƙwabci ke ja da mu kan iyakarta. Ƙanena Sani ya bugo waya: "Yaya, halifofin ma da mukullin suke tafiya?"

Bango suka fasa da diga. Ƙofar ko ƙwarzane ba ta yi ba, kuma da na dawo sai da na nuna musu haka.

Gona ta tsira. Takardu sun koma ƙarƙashin gado, awaki sun gaji ɗakin. Har jikokina yanzu Sarkin Diwani suke ce mini.