Rasuwar Alƙali, Ma'aunin Rumfar Mai Makulli

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta har wuya, Mai Makulli na bakin kasuwa yake sanar da abokan sana'a da duk wanda ya taɓa yankan mabuɗi a rumfarsa rasuwar Alƙali, ma'aunin tagullar nan da ya gada daga mahaifinsa. Ya cika da safiyar yau a kan teburin aiki, bayan doguwar jinyar da babu wanda ya san yana yi.

Marigayin bai fi tafin hannu ba, amma shi ke da ta cewa a rumfar. Ramuka ne jere a jikinsa, kowane da lambarsa, kuma lambar juye take: tana hawa, rami na ƙara tsukewa. Mabuɗi mai lamba biyar ya fi mai lamba bakwai kauri, abin da ya sha rikita masu ganin sun iya lissafi. Kafin magagari ya taɓa ƙarfe, sai an kai ƙafar mabuɗin gaban Alƙali. In ya ce "ƙas", an koma. In ya ce "sul", an wuce. Bai taɓa karɓar na goro ba, bai san ɗan uwa ba.

Ciwon ajalinsa a ramin bakwai ya kama shi. Ƙarfe na shiga yana fita, yana cin tagulla a hankali, har ramin ya buɗe baki ya fara haɗiye masu lamba shida yana ce musu "sul". Tun kafin damina, ashe, Alƙali ƙarya yake yi bai sani ba. Mabuɗi mai kauri kuwa ba ya ƙin shiga kuba a ranar farko. Shiga yake da ƙyar, ya juya da ƙyar, ya yi ta cin ranka kana haƙuri, sai ranar da ya ga dama ya karye a ciki ya bar ka da kai a hannu.

Masu ƙorafi sun zo, har da wani tela, ba su ɓoye ba. Mai Makulli ya sallami kowa da magana guda: "Sabo ne, zai saki." Yaushe zai ƙaryata Alƙali saboda yatsun tela? Telan ne kuwa ya iso yau da rabin mabuɗi a tafin hannu, ɗinkin mutane na kulle a shago. Aka aro sabon ma'auni daga maƙwabcin rumfa, aka haɗa su fuska da fuska. Nan take aka tabbatar da rasuwar.

Ya rasu ya bar magagari biyu, da guduma, da zoben mabuɗan da masu su ba su dawo karɓa ba. Ya kuma bar marayun mabuɗai barkatai a aljihunan mutane, kowanne yana jiran ranarsa. Mai Makulli ya zauna yana tuno fuskoki ɗaya bayan ɗaya, da ya zo kan ta ƙarshe sai ya zaro waya.

Autan marayun yana hannun Inna, mahaifiyar Mai Makulli. Ita kaɗai take zaune a ɗakinta mai ƙofar ƙarfe da taga mai sanduna, can bayan gari, ga ciwon ƙafa, ga jin da ya yi rauni, kuma ta ciki take kulle kanta. Ranar da ya kai mata, ta gwada ta ce, "Wannan mabuɗin naka yana mini gardama." Ya yi dariya ya ce, "Inna, ki dinga matsa masa da ƙarfi." Inna kuwa ba ta taɓa ƙin jin maganarsa a kan ƙarfe ba. Tun safe yake kiran wayarta, tana shiga, ba a ɗauka. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba.

Za a sa marigayin a akwatin tsofaffin ƙarafa da ke ƙarƙashin tebur, ba wanka ba likkafani. Masu zuwa ta'aziyya su taho da mabuɗansu a sake awo, kuma kafin nan kada kowa ya kulle kansa ta ciki. Ba a tsayar da lokacin jana'iza ba. Wanda ya zo ya tarar da rumfa a rufe ya yi haƙuri, mai makokin ya ɗauki guduma ya nufi ƙofar Inna.